Yadda ake dawo da hasken fitilar mota ba tare da kashe kuɗi da yawa ba

Idan fitilar mota ta dushe, abin da yawancinmu ke fara yi shi ne tsayawa wurin mai wayarin a ce ya sa ƙwai mai ƙarfi. Daga nan kuɗi ke fara zurarewa, domin sau da yawa ƙwan ba shi da laifi. Kafin haske ya sauka kan kwalta sai abu huɗu sun yi aikinsu: wutar da ke zuwa daga batir, ƙwan kansa, kwanon ciki mai ƙyalli da ke tattara hasken ya cilla shi gaba, sai murfin waje da muke kira gilashi. Ko wanne ya gaza, hanya za ta yi maka duhu, amma kuɗin gyaransu ba ɗaya ba ne. Wani sabulu da sanfefa kawai yake so, wani kuwa sai ka je kasuwar kayan gyaran mota irin Ƙofar Ruwa ko Panteka da aljihu mai nauyi. Dabarar ita ce ka fara daga mai arha, kada ka taɓa mai tsada sai ka tabbatar babu makawa.

Me ya sa gilashin ke komawa rawaya

Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 da 505 gilashi na gaske ne a fitilarsu. Yana iya fashewa, amma ba ya canza launi. Motocin da suka cika titunanmu yanzu, su Corolla da Camry da Accord, murfin fitilarsu roba ce mai tauri da ake kira folikabonet. Ba ta da nauyi, tsakuwa ba ta fasa ta da sauƙi, sai dai rana na cin ta. Saboda haka kamfani ke lulluɓe ta da wani siririn shafi mai kare ta daga rana. Shekaru na tafiya shafin nan yana ƙonewa yana tsattsagewa, ƙurar hunturu da yashin hanya suna kankare shi, mai wankin mota kuma yana ƙara masa da omo da tsumma mai datti. Rawayan da kake gani gawar wannan shafi ce tare da saman robar da rana ta dafa. Motar da ta yi shekara goma a Amurka ko Turai kafin ta sauka Kwatano, ta zo ta ƙara wasu shekaru tana yini a ranar Sakkwato ko Maiduguri, ba abin mamaki ba ne fitilarta ta yi hazo.

Asarar hasken ba ƙarama ba ce. A 2018 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada fitilun da suka dushe, ta samu suna ba da kashi 22 cikin ɗari kacal na hasken sabuwa. A gwajin nan, gogewa ta maido da haske har zuwa kusan kashi 70, sababbin fitilun da wasu kamfanoni ke kwaikwaya suka ba da tsakanin kashi 83 da 90, ta ainihin kamfanin motar ce kaɗai ta cika ɗari. Wato gogewa ba za ta mayar da fitila sabuwa fil ba, amma za ta iya ninka haskenta wajen sau uku da kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Mataki na farko: gano inda ciwon yake

Wanke fitilar tas da ruwa da sabulu, ka bari ta bushe, sannan ka shafa da yatsa. Idan ka ji kaushi, hazon yana waje ne, kuma sanfefa za ta cire shi. Ga wani gwaji mai sauƙi: watsa mata ruwa. In ta yi garau tana jiƙe, ta koma dishi-dishi da ta bushe, to gogewa za ta yi aiki. In saman sumul yake amma hazon na nan daram ko da ruwa, dattin yana ciki ne.

Daga nan ka leƙa ciki da tocilan. Dubi kwanon da ke kewaye da ƙwai. Ya kamata ya riƙa ɗaukar ido. Idan ya yi baƙi-baƙi, ko ƙyallinsa yana ɓarewa, ko ya yi toka-toka daidai saman ƙwan, to ya ƙone, kuma babu gogewar waje da za ta cece shi. Duba kuma ko akwai raɓa ko ruwa kwance a ƙasa, da ko akwai ƙananan tsage masu yawa da suka shiga cikin naman robar. Irin wannan tsagar ba ta fita da sanfefa.

Da dare ka fuskanci bango ka kunna dim, ka kunna ful. In ɓangare ɗaya ya fi ɗaya haske alhali murfinsu iri ɗaya ne, laifin na ƙwai ne ko na waya. In haske na ƙaruwa sosai duk lokacin da ka taka totur, batir da na'urar caji ne abin tuhuma.

Mataki na biyu: gogewa

Kayan aikin ba su da yawa. Sanfefa ta ruwa, irin ta masu fentin mota, mai lamba 600, 800, 1000, 1500 da 2000, in ka samu 3000 ka haɗa. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Sai tef ɗin takarda na masu fenti, bokitin ruwa da ɗan ɗigon sabulu, gorar fesa ruwa ko gorar da aka huda murfinta, tsummoki masu laushi masu tsabta, da man folish na fenti. Duk shagon kayan fenti za ka same su, kuma falle ɗaya na kowace lamba ya ishi fitila biyu har ya yi saura.

Ajiye motar a inuwa, fitilar ta huce. Manna tef a kewayen fitilar, a kan bonet da bamba da gefen jikin mota, ninki biyu ko uku. Kada ka yi rowar tef. Sanfefa mai lamba 600 in ta zame sau ɗaya ta hau fenti, ta bar maka tabon da kuɗin gyaransa ya fi na aikin gaba ɗaya. Ɗaga bonet ma yana sauƙaƙa kaiwa ga bakin sama, inda rana ta fi ci.

Yanka sanfefar gida huɗu, ka jiƙa ta a bokiti kamar minti goma. Idan fitilar ta yi rawaya sosai kuma tsohon shafin yana ɓarewa, fara da 600. In hazon kaɗan ne, 800 ko 1000 ta isa. Riƙa gogawa daga hagu zuwa dama a miƙe, ba zagaye ba, kana fesa ruwa kullum, da nauyin hannu matsakaici. Ruwan da zai fara zuba rawaya ne mai kauri: tsohon shafin ke fita. Ci gaba har ruwan ya koma fari kamar madara. A wannan lokaci fitilar za ta yi fari fat, ba a ganin komai a ciki, kuma nan ne gaban mai mota ke faɗuwa ya ɗauka ya lalata ta. Haka ake so ta zama. Goge ta da tsumma ka duba: farin ya zama bai ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa. Duk inda ka ga wani tsibiri mai sheƙi ko mai rawaya, tsohon shafi ne ya maƙale, koma kansa.

Wannan matakin farko shi ne rabin aikin, kuma shi ake yi wa gaggawa. Sanfefa masu laushi da za su biyo baya ba sa cire shafi, aikinsu share sawun wadda ta gabace su ne kawai. Abin da 600 ta bari, 2000 ba za ta ɗauke shi ba ko da za ka yini kana gogawa.

Yanzu ɗauki 800, amma ka sauya hanya: daga sama zuwa ƙasa. Amfanin sauyawar shi ne ka gane da idonka lokacin da sawun kwance ya ɓace, ya rage na tsaye kaɗai. Da ya ɓace sai ka wanke fitilar, ka koma 1000 a kwance, 1500 a tsaye, 2000 a kwance. Tsakanin kowace lamba ka ɗauraye da ruwa mai tsabta, don ƙwayar yashi ɗaya da ta rage za ta ja dogon layi. Kowace lamba ka ba ta minti biyar zuwa goma. Da ka kai 2000 za ka fara hango ƙwai ta cikin ɗan hazo mai laushi.

Sai dai lambar da za ka tsaya a kanta ta danganta da irin kariyar da za ka sa, domin hanya ta rabu biyu.

Mataki na uku: kariya, wadda ita ce ainihin aikin

Ka tuna abin da ka yi yanzu: ka kankare ɗan sauran abin da ke tsakanin robar da rana. Fitilar da aka goge aka yi wa folish aka bari haka nan za ta yi kyau ranar farko, a ɗauki hoto, bayan 'yan watanni ta koma rawaya, wani lokaci fiye da da. Masu goge fitila a bakin hanya da yawa a nan suke tsayawa, shi ya sa mutane ke cewa gogewa yaudara ce. Laifin na rashin shafi ne.

Hanya mafi ɗorewa ita ce kiliya, fentin nan mara launi da masu fentin mota ke fesawa a ƙarshe, irin wadda ake haɗawa da hadina, wato ruwan da ke sa ta bushe ta yi tauri. Idan ita za ka sa, kada ka yi folish ko kaɗan, kuma ba sai ka kai 2000 ba. Tsaya a 800 ko 1000, domin kiliya tana son ɗan kaushin da za ta kama, kuma ita da kanta za ta cike sawun sanfefar fitilar ta yi garau. Shawarata ita ce ka yi gogewar da kanka a gida, ka kai wa mai fenti ya fesa ranar da yake fesa wa wata mota, ka biya kuɗi kaɗan. Yana da injin fesawa, kuma hayaƙin kiliya mai hadina yana da illa ga huhu, ba abin da za ka shaƙa a tsakar gida yara na wasa ba ne. A goge fitilar da ruwa mai tsabta ta bushe sarai, kada a shafa mata tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi. A rufe jikin motar da jarida ko leda. A fesa siririn shafi na farko, a jira kamar minti goma, a bi da na biyu mai ɗan kauri. A guji ranar da iska ke kaɗawa, musamman da hunturu, don ƙura na sauka kan ɗanyar kiliya ta zauna har abada. Bar ta kwana ɗaya ba taɓawa, kuma a ɗaga wa wankin mota ƙafa na 'yan kwanaki.

Hanya ta biyu ta wanda ba shi da mai fenti kusa. Kai sanfefa har 2000 ko 3000, ɗiga folish a tsumma, ka murza da ƙarfi a zagaye har hazon ya washe. Da hannu yana ɗaukar lokaci. In da injin folish za ka yi, kada ka tsaya wuri ɗaya, zafi na narka robar. Bayan nan ka wanke maiƙon folish ɗin da sabulu, ta bushe, ka shafa ruwan kariya na fitila, wanda ke zuwa a cikin kwalin kayan goge fitila irin na 3M, Sylvania ko Meguiar's. Yana riƙewa kamar shekara guda ko fiye, gwargwadon ranar da motar ke sha. Idan shi ma babu, ko kakin goge mota ka riƙa shafawa duk wata ya fi barin ta tsirara.

Game da man goge baki da ake ta yaɗawa a Facebook da TikTok: yana da ɗan kaushi, yana rage hazo mara yawa, amma na 'yan makonni ne. Abin da zan hana ka shi ne tina, fetur, man birki da maganin sauro na shafawa. Suna narka saman robar ta yi sheƙi nan take, daga baya ta yi danƙo ko ta tsattsage ta ciki, garin gyaran gira a rasa ido. Akwai kuma masu ɗumama wani ruwa a ƙaramar buta suna turara fitila da tururinsa. Tana yin kyau kam, amma narka saman yake yi shi ma, ba ya barin kariya daga rana, tururin kuma guba ne ga mai shaƙa.

Idan ruwa ne ke shiga

Ɗan gumi da ke bayyana bayan ruwan sama ya ɓace da rana ba matsala ba ce, fitila tana da ƙofofin shan iska a bayanta. Ruwan da ke taruwa shi ne abin damuwa, don yana kashe ƙwai yana cin kwano. Fara duba murfin roba na bayan ƙwai, sau da yawa an canza ƙwai ne aka mayar da shi a karkace ko aka yar. Duba ƙofofin iskar ko laka ta toshe su. Cire ƙwai, ka busar da cikin da na'urar busar da gashi ko ka ajiye fitilar a rana da ramin a buɗe. Sannan ka bi layin da murfi ya haɗu da baƙin gidan fitila, in ka ga tsaga ka cike da silikon. Kada ka toshe ƙofofin iskar, in ka yi haka gumin zai rasa hanyar fita.

Ƙwai da waya

Ƙwan halojin, wato ƙwan da aka saba da shi mai siririyar waya a ciki, yana raunana kafin ya mutu, don haka a canza su biyu tare. Cire tsohon ka tafi da shi kasuwa, lambarsa na rubuce a gindinsa: H4, H7, H1, H11, 9005, 9006. Corolla ta 2003 zuwa 2008 ƙirar Amurka 9006 take sha a dim, 9005 a ful. Camry ta 2007 zuwa 2011 H11 ce a dim. Golf 3 mai ƙwai ɗaya H4 take amfani da shi. Nemi Osram ko Philips a shagon da ka yarda da shi, don jabunsu sun yi yawa. Kada ka kama gilashin ƙwan da yatsa, maiƙon hannu yana sa wurin ya yi zafi fiye da kima ya fashe da wuri. Riƙe shi ta gindi ko da takarda mai tsabta.

H4 na asali wat 60 ne a ful, 55 a dim. Mai shago zai nuna maka na wat 100 da 90 ya ce shi ne maganin duhu. Wutar da yake ja ta kusa ninka ta asali, wayoyi da soket ɗin motar ba a yi su don haka ba. Shi ne ke narka soket, ya ƙona kwano, ya gasa murfin ta ciki. Da yawa daga cikin fitilun da suka wuce gyara, shi ya kashe su. Ƙwai mai shuɗin gilashi kuma ado ne, launin yana tare wani ɓangare na hasken. Fararen ƙwayayen LED masu arha da ake cusawa a fitilar da aka ƙera don halojin suna watsa haske ko'ina: kai kana ganin gabanka fari tas na 'yan mitoci, nesa babu komai, mai tahowa kuma ka makantar da shi a hanyar da ba ta da tsakiya.

Kafin ka zargi ƙwai, sa mai wayarin ya auna wuta. Inji na aiki, batir ya kamata ya nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5. Sai ya auna a soket ɗin ƙwai fitila na kunne. In bambancin ya wuce rabin bolt, wuta na ɓacewa a hanya. Halojin ba ya yafe wannan: raguwar wuta da kashi 10 cikin ɗari tana cinye kusan kashi 30 na haske. Maganin yawanci kankare tsatsa ne a wayar at, wato ta nagetif, inda take ɗaure a jikin mota, da canza soket da ya ƙone, da duba fis. A tsohuwar mota, ƙara rile, wato makunni mai aiki da wuta, mai fis ɗinsa da zai kawo wuta kai tsaye daga batir yana sa ƙwai na wat 55 ya yi hasken da mai shi bai taɓa gani ba. Motar da ta zo da fitilar zenon daga kamfani kuwa, bar wa gwani, akwatinta yana tayar da dubban bolt lokacin kunnawa.

In dole sai an canza

Kwano ya ƙone, roba ta tsattsage har ciki, ko gidan ya fashe: to sai saye. Zaɓi uku ne. Ta hannu 'yar Beljiyam, wato ta ainihin kamfani da aka ciro daga wata mota, ita na fi so in ta yi kyau, don kwanonta da saitinta sun fi inganci, ko murfin ya yi hazo ka riga ka san maganinsa. Sabuwa 'yar Taiwan irin Depo ko TYC tana biye. Sai sabuwa mara suna mai arhar banza, wadda ke yin rawaya da wuri tana shan ruwa. Ga motocin da suka yi yawa akan samu murfin kaɗai, a ɗumama gam ɗin a ɓare tsohon a manna sabo, in kwanonka lafiya lau ne wannan ya fi sauƙin kuɗi, amma a ba wanda ya saba.

Je kasuwa da tsohuwar fitilar a hannu, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Apo a Abuja. Mota ɗaya shekara ɗaya, ƙirar Amurka da ta Turai fitilarsu na iya bambanta. Duba kunnuwan da ake ɗaurewa ko an like su da gam an shafa baƙin fenti. Juya kusoshin saiti ka ga kwano na motsi. Haska ciki da tocilan. A yi maganar mayarwa kafin ka biya.

Akwai tarko ɗaya da ba kowa ke lura da shi ba. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, haka Nijar da Kamaru da Chadi suke. Fitilar da aka ciro daga motar Ingila ko Japan an ƙera ta ne don masu bin hagu, haskenta yana ɗagawa ta ɓangaren da mai tahowa yake a hanyoyinmu, kuma saiti ba ya gyara wannan. A fitila mai tambarin E na Turai, in kana fuskantar ta ka ga kibiya mai kai ɗaya tana nuna damanka kusa da tambarin fitilar gaba, ta masu bin hagu ce, ajiye ta. Wadda aka rubuta wa DOT ko SAE ta Amurka ce, ta dace da mu.

Ɗaurawa ba wuya. Cire kan batir na nagetif, ɗauki hoton wayoyi da wayarka kafin ka zare komai. Yawancin fitilu noti uku ko huɗu ke riƙe da su, sifana lamba 10, amma a motoci da yawa ɗaya na ɓoye bayan bamba, sai ka sassauta gefenta. Kada ka fizga. Sa sabuwar, haɗa soket, gwada dim da ful da sigina kafin ka mayar da bamba.

Saiti

Ko gogewa ka yi ko canji, ƙarasa da saiti. Nemi fili mai daidai da bango a gabansa, tayoyi da iskarsu daidai, but ba kaya mai nauyi. Matso da motar dab da bango, ka auna tsayin tsakiyar kowace fitila daga ƙasa, ka manna tef a bango daidai wannan tsayi da kuma daidai tsakiyar kowacce. Ja da baya a miƙe mita 10, kunna dim. Ga yawancin ƙananan motoci, bakin saman hasken ya sauka santimita 10 ƙasa da layin tef, wato kashi 1 cikin ɗari. Fitilun Turai sukan zo da adadin a rubuce a jikinsu, 1.0% ko 1.2%, bi wanda ka gani. In filin bai kai ba, mita 5 da santimita 5 daidai ne. Rufe fitila ɗaya da kwali kana saita ɗayar, a ɗan nesa da murfin don kada zafi ya taru. Kusoshin saiti suna baya ko saman gidan fitila, ɗaya na sama da ƙasa, a wasu motocin da na gefe. Juya kaɗan-kaɗan kana kallon bango. Motar da ke da maɓallin ɗaga fitila a gaban direba, a mayar da shi sifili kafin a fara. Bayan nan ka fita hanya: idan masu tahowa suna ta walƙa maka ful alhali kana kan dim, koma bango ka ƙara sauke ta rabin juyi.